Me ya sa albam ɗin Sean Paul da na Shaggy suka karaɗe duniya, na gwanayen Kingston suka tsaya a gida?

Tambaya: Malam, ni mai son kiɗan dancehall ne tun ina sakandare. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, duk wanda ka tambaya ya san Shaggy da Sean Paul, har waɗanda ba ruwansu da rege. Amma 'yan Jamaika da kansu sun fi ganin girman irin su Bounty Killer da Vybz Kartel, waɗanda albam ɗinsu bai yi irin wannan kasuwar ba. Shin waɗancan biyun sun fi iyawa ne, ko kuwa sun gurɓata kiɗan ne don Turawa su saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a je ga iyawa, sai a fara duba inda kiɗan ya tashi, domin dancehall ba don albam aka ƙirƙire shi ba. Ya taso ne a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, a ƙarshen shekarun 1970, a filin rawa. Ana jera manyan lasifikoki bisa juna har su fi mutum tsawo, mai zaɓen faifai yana gefe, mai riƙe da makirfo yana zuba baiti a kan kiɗa. Faifan ɗan ƙarami ne, waƙa a fuska ɗaya, kiɗa zalla a ɗaya fuskar. In baiti ya ratsa jama'a sai a yi ta ihu, a tsayar da faifan, a dawo da shi farko. Can ake auna gwani, a daren, a gaban mutane.

Wannan kiɗa zalla shi suke kira ridim, kuma shi ne kan gaba a sana'ar. Furodusa zai haɗa ridim guda, mawaƙa goma ko ashirin su hau kansa kowa da tasa waƙar, kamar yadda mai kalangu ke riƙe kiɗa ɗaya a gidan biki, maroƙa suna karɓa ɗaya bayan ɗaya. A 1985 King Jammy ya fitar da ridim ɗin Sleng Teng, wanda aka samo daga wani ƙaramin kibod na Casio, kuma tun daga nan kiɗan na'ura ya mamaye sitidiyo. Aiki ya yi arha, ya yi sauri. Mawaƙi yakan saki waƙoƙi barkatai a shekara wa furodusoshi daban-daban. To mutumin da ke rayuwa haka, albam a wurinsa tarin waƙoƙin da suka riga suka yi tashe ne.

Albam kuwa hajar manyan kamfanonin Amurka ce a wancan zamani, su ke da rediyo, da MTV, da shaguna. Mawaƙi Yellowman ya shiga hannun kamfanin Columbia a farkon shekarun 1980, abin bai yi nisa ba. Shabba Ranks ne ya buɗe ƙofar sosai bayan ya ƙulla da kamfanin Epic, ya ci Grammy na rege sau biyu a jere, 1992 da 1993. Dabarar da aka yi masa ita aka ci gaba da bi: a bar masa muryarsa mai kauri da harshen Patwa, wato yaren 'yan Jamaika, a haɗa shi da mai zaƙin murya da zai rera amshi cikin Turancin da kowa ke ji. Wanda bai gane baitin ba zai kama amshin ya tafi da shi.

Shaggy ya kai wannan dabara ƙarshe. A Kingston aka haife shi, amma ya koma Brooklyn yana matashi, har ya yi aikin sojan Amurka, don haka ya san kunnen mutanen can. Albam ɗinsa Hot Shot na 2000 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, an sayar da kwafi sama da miliyan shida a Amurka kaɗai. In ka saurare shi da kyau, kiɗan ya fi karkata ga pop, dancehall ɗin yana cikin muryar ne. Masu cewa ya sassauta suna da hujja, ko da yake ban ga laifin mutum ya yi wa jama'ar da yake zaune cikinsu waƙa ba.

Na Sean Paul daban ne, kuma shi ne ya fi burge ni. Dutty Rock ya fito a ƙarshen 2002 ta haɗin gwiwar VP Records, kamfanin iyalan Chin da suka tashi daga Kingston suka kafu a Queens, da kuma Atlantic. Waƙar da ta kai shi matsayi na ɗaya a Amurka a 2003, wato Get Busy, a kan ridim ɗin Diwali take, wanda Steven Marsden, da ake kira Lenky, ya haɗa. Kasa kunne ka ji: tafi ne ke jan kiɗan, tafin da ke ɗan kauce wa inda kake tsammani, ba wani ado mai yawa. Ridim ɗin an riga an yi ta rawarsa a Kingston, Bounty Killer ma yana da waƙa a kai, Wayne Wonder ma haka. Kiɗan gida ne tsantsa ya tsallaka teku. Abin da Sean Paul ya kawo shi ne murya mai santsi da ke bin karin waƙa, da zancen rawa da 'yan mata da rediyo zai iya sawa da rana tsaka.

A nan ne Bounty Killer da Kartel suka rabu da shi. Ƙarfinsu yana cikin kalmomi: habaici, zambo, labarin bindiga da talauci, da batsa mara sakaye. Wanda bai ji Patwa ba ya rasa rabin gwanintar, gidan rediyo kuma ba zai taɓa sauran rabin ba. Akwai kuma cikas na waje. Waƙoƙin da suka yi kiran a kashe masu neman jinsi sun jawo an soke wa mawaƙa da dama wasanni a Turai da Amurka, matsalar biza ta tsare wasu. Kartel kuwa an ɗaure shi a 2014 kan zargin kisa, sai a 2024 aka soke hukuncin ya fito. Ba a tallata albam a duniya daga kurkuku, duk da cewa waƙoƙinsa sun ci gaba da mulkin Jamaika yana ciki.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda kiɗan ya fi masu shi tafiya. Reggaeton, kiɗan rawa na Latin Amurka, gaba ɗaya a kan bugun waƙar Shabba ta 1990, Dem Bow, aka gina shi. A 2016 Rihanna da Drake suka mamaye jadawali da salon dancehall, wasu 'yan jarida suna laƙaba masa wani suna dabam, har Sean Paul ya fito ya koka. A nan Afirka ta Yamma, Shatta Wale da Stonebwoy a Gana, da Patoranking a Najeriya, ba su ɓoye inda suka sha ba.

In kana son ka auna gwanayen da kanka, nemi kundin ridim guda. Kamfanin Greensleeves ya fitar da na Diwali a 2002, mawaƙa da dama a kan kiɗa ɗaya. Saurare su a jere, za ka ji wanda ya fi kaifin baki da wanda ya fi shiga kunne, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.