Ɗalibar da ta kai ƙarar malaminta, sai ta kawo shaidu huɗu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ni ma'aikaciya ce a wata kwaleji a nan Daura, kuma ina cikin kwamitin da ke sauraron koke-koken ɗalibai. Wata ɗaliba ta kawo ƙarar malaminta cewa yana nemanta da lalata, ya kuma ce mata idan ta ƙi ba za ta ci darasinsa ba. Ta nuna mana saƙonnin da yake tura mata da tsakar dare. Wani abokin aikinmu ya ce muddin ba ta da shaidu huɗu to ƙazafi ta yi, kuma suturta Musulmi ya fi. Ina matsayin wannan magana a shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, abokin aikinku ya ɗauko hukunci na gaskiya ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Shaidu huɗun da Allah Ya ambata a Suratun Nur, aya ta 4, tare da bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su, sun shafi wanda ya jefi wani da zina ne. Ɗalibar nan ba ta ce an yi zina ba, ta ce ne an neme ta, an kuma yi mata barazana da makinta, wanda wannan laifi ne na cin amana da zalunci da hukuncinsa yake ta'aziri, wato horon da alƙali ko hukuma ke ƙayyadewa, kuma babu malamin da ya sharɗanta masa shaidu huɗu. Abin da za ku kiyaye kawai shi ne ta faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, me ya ce, a ina, wace rana, kada ta kira shi mazinaci ko ta yi habaicin da ke nuna haka, domin a mazhabar Imam Malik habaici bayyananne ma yana ɗaukar hukuncin ƙazafi.

Kai ƙarar kuwa haƙƙinta ne. Allah Yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma Imam Nawawi ya lissafa kai kukan zalunci ga mai ikon magance shi a farkon wurare 6 da giba ta halatta. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi (SAW) a kan rowa, bai ce mata ta yi giba ba, sai ya ba ta mafita.

Inda ya kamata ku fi mai da hankali shi ne hujja. Irin wannan laifi a ɓoye ake yin sa, ofis a rufe, ba kowa, don haka wanda ya ce sai an samu mai gani da ido ya toshe ƙofar gyara ke nan. Shari'a ta san alamomin da ke nuna gaskiya, kuma asalinsu yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28, inda aka gane mai gaskiya daga tsagewar riga ta baya alhali babu wanda ya ga abin da ya faru. Saƙonnin waya, da sautin murya, da lokutan kira, duk suna cikin wannan babi, amma da sharaɗin a tabbatar lambar tasa ce kuma ba a taɓa saƙon ba, domin a yau ƙirƙira hoton hira ba wuya gare shi ba. Haka nan a ɗauko takardar jarrabawarta, a rufe suna, a ba wani malami ya sake duba ta. A dokar ƙasa ma irin wannan hujja ta yi aiki: a Disamba 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife shekara 2, bayan hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kuma sautin hirarsa da ɗaliba ne ya tona asirin.

Shi ma malamin yana da haƙƙi a kanku. Annabi (SAW) ya umarci Aliyu (RA) kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare na biyu, saboda haka a sanar da shi abin da ake tuhumarsa, a ba shi dama ya kare kansa. Idan hujja ta gaza, a sallame shi da mutuncinsa, ita kuma ba a hukunta ta don ta kasa tabbatarwa, sai idan ya tabbata ƙarya ta shirya da gangan. Kafin a gama bincike a janye makinta daga hannunsa, kuma duk ɗan kwamitin da yake amininsa ko ɗan'uwanta ya janye. Ya kyautu a ce 'yan'uwanta mata ne za su saurare ta da farko, domin yarinyar da ta tashi da kunya ba za ta iya maimaita irin waɗannan kalmomi a gaban maza sa'o'in mahaifinta ba, sai a ɗauka shirunta rashin gaskiya ne.

Game da sutura, malamai sun bayyana cewa ana yin ta ne ga wanda ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ga wanda cutarwarsa ke kaiwa ga bayin Allah ba. Rufa wa irin wannan asiri don kare sunan makaranta taimako ne a kan zunubi, kuma abin takaici, shi ne ke sa wasu iyaye su cire 'ya'yansu mata daga karatu. Suturar da ta wajaba a kanku ita ce kada sunan ɗayansu ya fita daga ɗakin kwamiti zuwa Facebook ko majalisar ma'aikata.

Wannan hanya ce kuma za ku bi idan koken na wariya ne, kamar a danne wa mace maki ko ƙarin girma don kawai ita mace ce, domin maki amana ne, kuma aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarci a mai da amana ga masu ita. Idan kuwa ƙarar ta kai ga fyaɗe, ta fi ƙarfin kwamiti, sai a miƙa ta ga 'yan sanda da kotu ba tare da jinkiri ba. Allah ne Mafi sani.