Ɗura wa Boa Abinci Ba Ya Gaggauta Riba

Wani mai sayar da tattabaru da zomaye a Garwa ya aiko da tambaya. Wani daga Duwala ya yi masa tayin 'ya'yan boa (wani babban maciji mai kama da mesa) guda biyu, mace da namiji, a kan kuɗin da ya kai rabin jarinsa. Niyyarsa ya riƙa ɗura musu abinci su girma da wuri, su haihu, ya sayar wa masu sha'awar ajiye maciji a gida. Yana son ya san ko wannan lissafi zai kawo riba da wuri.

Malam, na farko dai, boa ba mesar dajinmu ba ce. Asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma haihuwa take yi, ba ta saka ƙwai. Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji (CITES) ta 1973 ta sa wa ido, Kamaru kuma tana cikin yarjejeniyar. Don haka kafin a yi maganar farashi, ka ce ya nuna maka takardun shigo da iyayensu, kai kuma ka je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji ka ji izinin da ake bukata. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Ranar da aka ƙwace su babu mai mayar maka da ko dala.

Sai maganar ɗura, wadda nan ne lissafinka ya karkace. Maciji ba ragon layya ba ne da za ka turke wata uku ka fitar. Ƙaramar boa ɓera ɗaya ya ishe ta a kwana 7 zuwa 10. In ta girma, sau ɗaya a mako 2 zuwa 4. Abin da za ka ba ta kada ya fi tsakiyar jikinta kauri. Ka wuce haka, ko dai ta amayar da shi bayan kwana biyu, rabi a narke, da warin da zai kore ka daga ɗakin, ko kuma ta tara kitse ya danne mata hanta. Wadda ta yi amai sai an bar ta kamar mako 2 babu ci kafin cikinta ya dawo, ka ga garajen ya mayar da kai baya. Bayan ta ci ma, kwana 2 ba a ɗaukarta, in kuma za ta yi saɓa, idonta ya yi hazo-hazo, sau da yawa ƙin abincin take yi, ɓeran ya tafi a banza.

Ko ka bi komai daidai, mace ba ta isa haihuwa lafiya sai ta kai shekara 3 ko fiye. Dabba ce mai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Rabin jarinka zai kwanta shekara uku ke nan, alhali zomanya wata ɗaya take ɗaukar ciki. Kuɗin nan sau nawa za su juya a zomaye kafin boa ta ba ka ɗa guda?

Ga kuma garin namu. Boa tana son ɗumi tsakanin digiri 26 zuwa 32 da iska mai laima. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura 40, hunturu kuma ya busar da komai, saɓarta ta maƙale a ido da wutsiya. Sai ka tanadi ɗaki mai sanyi da kwanon ruwa babba, wannan ma kuɗi ne.

Kada ka ce ɓeran kasuwa kyauta ne. Wanda ya ci shinkafar ɓera yana tangaɗi shi ne mai sauƙin kamu, gubar kuma cikin macijin za ta ƙare, ban da tsutsar ciki. Mai rai ma haɗari ne, in macijin bai ji yunwa ba ɓeran ne zai gwaguye shi. Masu kiwo na ƙwarai kashewa suke yi su daskarar a firiza, ranar ciyarwa su narkar a ruwan ɗumi su miƙa da dogon awartaki.

To a nan nake ganin 'yar ƙofa. Duk mai boa yana bukatar ɓera mai tsabta har iya rayuwarta, kai kuwa ka riga ka iya kiwon ƙananan dabbobi, kana da keji da dusa. Farar ɓera mako 3 take ɗaukar ciki, ta haifi shida ko fiye. Sai dai kasuwar siririya ce. A Garwa da Marwa, mutum nawa ka sani da zai kwana gida ɗaya da maciji? Masu sayen suna Yawunde da Duwala, kayan kuma dole su isa a daskare. Ka tambayi mai tayin nan wa yake kawo masa ɓera da nawa yake saye. In ka samu mutum uku ko huɗu da za su ba da kafin alƙalami duk wata, ka fara da keji biyu a bayan gida, nesa da maƙwabta saboda wari. Firizar ta zama daban da ta abincin iyali, domin ɓera da maciji duka suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, kuma ka sa kuɗin man janareta cikin farashin tun farko, tunda ka san halin wutarmu a bazara.