Na Yi Fice A Aiki, Amma Zuciyata Ta Ƙi Yarda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar banki ce a nan Kano, kuma sau biyu aka yi mini ƙarin girma cikin shekara huɗu. Duk da haka gani nake yi sa'a ce kawai, wata rana asirina zai tonu. A watan jiya na cike takardar neman wani babban muƙami tsaf, amma na ajiye ta har wa'adi ya wuce. Me ke damuna? Daga ƙanwarki a Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1978 wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka bayyana ta bayan sun yi nazari a kan mata sama da 150 da suka yi zarra a karatu da aiki, amma suke kallon kansu tamkar masu sojan gona.

Takardar neman muƙamin nan da kika ajiye ta fi tsaya mini a rai. A ganina ba kasala ba ce ta hana ki miƙa ta, kariya kika yi wa kanki, domin wadda ba ta shiga takara ba babu mai cewa ta faɗi. Sai dai wannan kariya tana da tsada, tun da ta raba ki da muƙamin ba tare da kowa ya auna ki ba. Tarbiyyarmu ma takan ba da mafaka: an hore mu da kunya da kawaici, ga tsoron kambun baka, har mace ta saba da cewa "ai ba komai ba ne" duk lokacin da aka yaba mata. Tawali'u shi ne ki san baiwar daga Allah take, ba ki musanta cewa an ba ki ita ba.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta ayyukan da kika kammala da irin wahalar da kika sha a kansu, domin ba sa'a ce ta kwana a kan lissafi ba, ke ce. Idan wata dama ta sake fitowa, ki sanar da wata babbar abokiyar aiki da kika amince da ita, ku tsayar da ranar miƙawa kwana uku kafin wa'adi, ta tsaya a kanki har sai kin miƙa. In kuwa abin ya kai ga hana barci ko ƙuncin da ya wuce mako biyu, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ki ga likita.