Rikicin harajin Kanada da Amurka: amsa ga wani ma'aikaci a Windsor

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Windsor, cikin lardin Ontario, ya aiko da tambaya. Yana aiki a wata masana'antar sassan mota da takardar izinin aiki ta bayan karatu, wadda saura mata wata 14. Tun da rikicin haraji ya taso aka rage musu kwanakin aiki, ga ginin da ya fara a gida ya kai linta, ga kuma wani abokinsa yana zuga shi ya tsallaka Detroit, birnin Amurka da ke tsallaken kogi. Yana so ya san ko abin zai lafa, ko kuwa ya fara haɗa kayansa.

Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Wannan takaddama ta girmi ita kanta ƙasar Kanada. A 1854 Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar sassauta haraji da Amurka a madadin yankunan da take mulka a inda yanzu ake kira Kanada, a 1866 Amurka ta warware ta, kuma rasa wannan kasuwa na cikin dalilan da suka sa yankunan suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya a 1867. Firayim Minista John A. Macdonald ya ɗora haraji mai nauyi kan kayan waje a 1879 don ya raya masana'antun gida, sannan a 1911 Firayim Minista Wilfrid Laurier ya faɗi zaɓe saboda ya nemi buɗe ƙofa ga Amurka. Aikin da kake ci a ciki kuwa ya samo tushe ne daga yarjejeniyar motoci ta 1965, wadda ta ɗinke masana'antun Ontario da na jihar Michigan ta Amurka, har ya zamana sashe ɗaya na mota yakan haye iyaka sau da yawa kafin a gama haɗa ta. Bayan ta aka yi yarjejeniyar ciniki ta 1989, da ta NAFTA da ta haɗa da Meziko a 1994, da ta CUSMA da ta maye gurbinta a 2020, amma duk da haka rigimar katako da ta faro a 1982 ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Zo mu zauna, zo mu saɓa ke nan, sai dai ɗaya maƙwabcin ya fi ɗaya ƙarfi, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da Kanada ke fitarwa Amurka yake tafiya.

Harajin da Donald Trump ya sa wa ƙarfe da alminiyom na Kanada a 2018 ya ɗauki kusan shekara guda kafin a janye shi. Na 2025 ya fi faɗi, domin ya haɗa da motoci, kuma harajin ƙarfe ya kai kashi 50 cikin ɗari a watan Yuni na shekarar. Na kawo maka wannan tarihi ne don ka ga cewa irin wannan rigima takan ci shekaru, alhali takardarka wata 14 ne kacal gare ta, kuma sau ɗaya ake ba mutum irinta. Saboda haka ranar ƙarewar takardarka ita ce abin da za ka gina lissafinka a kai.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ka duba matakin da aikinka yake a jerin sana'o'in gwamnati. Tsarin Express Entry, wanda ake zaɓar masu neman takardar zama ta dindindin da shi bisa maki, ta ɓangaren masu gogewar aiki a Kanada, yana neman awa 1,560 cikin shekara uku a sana'ar da ke mataki na 0 zuwa 3, kuma ba a lissafa fiye da awa 30 a mako. Ayyukan leburanci da yawa a masana'antu suna mataki na 4 ko 5, ba sa shiga lissafin sam, kuma akwai waɗanda sai bayan sun sha wahalar shekara biyu suke gane haka. Idan aikinka yana shiga, to rage kwanaki bai kashe ka ba, tunda awannin suna taruwa ko da a hankali ne. Idan ba ya shiga, to takardarka buɗaɗɗiya ce, ba ta ɗaure ka da masana'anta ɗaya ko gari ɗaya ba, sai ka nemi aikin da ya dace da karatunka, ko da a wani lardi ne mai nasa tsarin zaɓen baƙi. Ka kuma sani tun Maris 2025 an daina ba da ƙarin maki saboda takardar tayin aiki, don haka duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka ita domin maki, ka rabu da shi.

In an sallame ka, ka tabbatar an fitar maka da takardar ROE, wato shaidar aikin da ka yi wadda masana'anta ke bayarwa, ka nemi inshorar rashin aiki ta EI cikin mako huɗu. Haƙƙinka ne, daga albashinka aka riƙa cirewa, kuma ana biyan kashi 55 cikin ɗari na albashi har zuwa wani iyaka. Sai dai a ƙa'ida ba a biyan wanda ya bar ƙasar, saboda haka kada ka ce za ka ɗauki lokacin ka je ganin gida.

Batun Detroit kuwa, ban goyi baya ba. Takardar Kanada ba ta ba ka izinin aiki a can, izinin aikin ƙwararru na Amurka da ake kira TN ma 'yan ƙasar Kanada da na Meziko ne kaɗai ke samu, kuma wanda ya bi ta bayan fage ya zubar da duk abin da ya tara a nan.

Saura gini. Ka kira gida ka faɗa wa su Baba gaskiyar halin da ake ciki, cewa an rage aiki kuma kana tanadin kuɗin neman takardar zama, da na jarrabawar Turanci, da na gwajin asibiti. Kuɗin cefane da na magani su ci gaba da tafiya duk wata ko da an rage su. Ginin kuma a dakatar da shi a linta, a adana sauran bulo da rodi inda damina ba za ta taɓa su ba, a bar maganar kwano sai ka ga sakamakon takardarka.