Shin Shan Taba Yana Rage Ji?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sigari ce ta jawo maka shuwar kunne da raguwar ji, alhali kana aiki a injin niƙa. Tana iya zama sanadi, domin nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini can cikin kunne, inda ƙwayoyin ji masu kama da gashi suke, waɗanda idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙarar injin kuwa tana ƙara wannan ɓarna.

Hayaƙin yana kumbura bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro, shi ya sa yaran mashaya ke yawan ciwon kunne.

Kada ka ɗiga mai a kunnen ko ka sosa shi da tsinken ashana. Ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinka, kuma idan jin ya ɗauke farat ɗaya, ka tafi a ranar.