Amsa ga jikana mai neman yaron shago

Abokina, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini. Wai shagon waya da POS ɗin da ka buɗe a kasuwar Farm Centre ta Kano ya fi ƙarfin mutum ɗaya, za ka ɗauki yaro, kuma ka turo jerin tambayoyi kana so in zaɓar maka waɗanda za ka yi wa masu nema. Da ta zo kan mai cewa "ina kake ganin kanka nan da shekara biyar", dariya na yi har da tari. Ɗan Musulmi ai amsarsa ɗaya ce, inda Allah ya kai shi. Ita kuwa ta "faɗa mini aibinka", wa ka taɓa ji ya zo neman abinci ya tona wa kansa asiri?

Abin da ya ɗan dame ni shi ne, a duk jerin nan ban ji inda ka ce wa zai tsaya wa yaron ba.

Ni a 1973 aka kai ni Kantin Kwari, shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Kawuna ne ya riƙe hannuna har rumfar wani Alhaji mai atamfa, Allah ya jiƙansu duka. Suka gaisa, suka daɗe suna hirar damina da farashin gero, ina tsugune a gefe, ko kallona Alhajin bai yi ba. Da ya tashi tambaya, kawu ya tambaya: ɗan wa ne, a wace unguwa, wane malami ya yi masa allo. Ni tambaya guda ya jefo mini, yana ninke zane: "Sule bakwai da sisi, nawa ke nan a sabon kuɗi?" Lokacin fam ɗaya ya koma naira biyu, sule kwabo goma, kasuwa duk ta rikice, mutanen ƙauye na ta rigima da 'yan kanti a kan canji. Na ce kwabo 75. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba.

Da aka kira azahar sai ya miƙe ya ce in kula da rumfa, ya tafi. Ko farashin turmi ɗaya ban sani ba. Can sai ga wata dattijuwa da 'yarta, kayan aure suke haɗawa. Ta ɗaga 'yar Holan ta ce nawa, ta ɗaga 'yar Kaduna ta ce nawa. Zuciyata ta ce yanka mata kuɗi kawai, a san kai ma namiji ne. Sai na tuna kawu ya ce kada in taɓa abin da ba a sa ni ba. Na ce, "Hajiya, ni baƙo ne yau na zo, maigida ya je salla." Na shimfiɗa musu tabarma, na sayo musu ruwan sanyi da kwabon da uwata ta ƙulle mini a bakin wando, na riƙa sauko musu da zannuwa suna zaɓa. Ashe maƙwabcin rumfarmu an bar masa sallahu ya sa mini ido. Da yamma Alhaji ya ce wa kawu, "Gobe ya zo da wuri, shara ake fara yi."

Shi Alhajin yakan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mahaifina kuma cewa yake sai an gwada akan san na ƙwarai. Shi ya sa a da ba a miƙa wa yaro aljihun kuɗi sai ya yi wata da watanni yana shara, yana ɗauko kaya daga sito, ana aikensa karɓo bashi a ga ko zai dawo da shi cif. Ku kuma yanzu sanarwa kuke sakawa a WhatsApp, wanda ya fi iya Turanci da guga a riga ku ba shi na'urar POS da lambar sirri ran nan. In ya gudu da kuɗin mutane, gidan wa za ka je ka yi sallama?

Akwai kuma tambayar da ba ka sa a lissafi ba, wadda uban yaro zai yi maka. Mu ba albashi muka yi wa aiki ba. Ci da sha da suturar salla suna kan maigida, shi ya yi mini aure da kakarka, da lokaci ya yi ya sallame ni da jari da rabin rumfa. Yaron da ya san akwai sallama a gabansa, da wuya ya saci abin da yake ganin gobe nasa ne. Kai me ka tanadar wa naka? Kuɗin wata da ba ya kai shi ƙarshen wata a kuɗin A-Daidaita-Sahu?

In dai dole sai ka yi tambaya, tambaye shi inda ya yi aiki a baya da abin da ya raba su, sannan ka taka da ƙafarka ka ji ta bakin wancan maigidan. Ka ba shi lissafin canji ya yi da ka, ba da waya ba. Sauran ka bari sai ka zo ranar Juma'a, ka taho mini da sunayen iyayensu da unguwanninsu, wataƙila na san kakannin wasu. Ka kuma riƙo caja, tawa ta daina aiki tun makon jiya.