Littafin labari zai iya sa yaro ya so aikin injiniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 6, duk abin da ya samu sai ya kwance shi, tocila, rediyo, har agogon babansa bai tsira ba. Yana da ƙanwa 'yar shekara 4. Burina ya zama injiniya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamar ajinsu ta ce in riƙa karanta masa littattafan labarin injiniyoyi. Hakan yana da amfani? Wane iri zan nema, ga shi waɗanda nake gani duk da Turanci ne? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Malamar ta yi gaskiya, sai dai kada ki ɗora wa littafi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ɗan shekara 6 ba ya zaɓen sana'a, yau injiniya, gobe direban tirela. Amfanin labarin wani ne daban. Yaro ya san likita da malami da soja domin yana ganinsu a bakin aiki, amma injiniya aikinsa kawai ake gani. Yaro zai bi ta kan gada sau ɗari bai taɓa tunanin wani ne ya zauna ya lissafa nauyin da za ta ɗauka ba. Labari ne ke nuna masa wannan mutumin.

In kin ɗauki littafi a shago, buɗe tsakiyarsa ki duba. Akwai wata matsala da ta dami mutanen cikin labarin? Jarumin ya gwada dabara ta ƙi, ya duba dalili, ya sauya? In akwai, saya. Wanda kuwa hotunan katafila ne da mutum sanye da hular kwano, sunaye kawai zai koya wa yaro. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ake danna maɓalli ɗaya komai ya gyaru. Ko tatsuniyoyinmu, duk da daɗinsu, Gizo da wayo yake cin nasara, ba da awo da sake gwaji ba, don haka ba su cike wannan gurbin.

Labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi ya cika sharaɗin. An yi yunwa a ƙasarsu, rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida yana ɗan shekara 14. A wani ƙaramin ɗakin karatu ya ga hoton fankar da iska ke juyawa ta samar da lantarki, sai ya tattara tsohon keke da bututun roba da tarkacen bola, ya haɗa tasa har ta kunna ƙwan fitila a gidansu. An fitar da labarin da hotuna domin yara a 2012. Lokacin da William ke zuwa ɗakin karatun Turancinsa ba mai ƙarfi ba ne, zane-zanen littafin da ya samu a can ya riƙa bi. Ke ma haka za ki yi: ki karanta ke kaɗai tukuna, sannan ku zauna ku kalli hotunan kina ba su labarin da Hausa.

Kuma ba sai kin jira littafi daga waje ba. Ki ba su labarin Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Fara da tambaya: babu siminti, babu rodi, ta yaya rufin ƙasa mai faɗi haka zai tsaya bai rufto ba? Ki bar shi ya yi ta kirdado. Sannan ki bayyana masa azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, da yadda ake jera ta guntu-guntu, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana yaɓa ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Wata rana ki nuna masa hoton hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, ki tambaye shi amfanin itatuwan da suka leƙo daga jikinta. Su magina ke takawa in za su yi yaɓe. Ga madatsar ruwa ta Tiga nan kusa da ku, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da shinkafar Kura da Kadawa da rani.

Da an rufe littafi, hannu ya karɓa. Ki ba su karan dawa, kwali, murafun kwalba da zare. Su ɗora gadar kara tsakanin bulo biyu, su yi ta aza duwatsu har ta karye. In ta karye kada ki gyara musu, ki ce: a ina ta fara lanƙwasa? Ƙanwar ma a ba ta nata karan, kada a mayar da ita 'yar miƙo kaya.

Zancen sana'a kuwa da sauran lokaci. Digirin injiniya a jami'o'in Najeriya shekara 5 ne, ana shiga da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, bayan nan sai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Abin da ya shafe ki yanzu shi ne kada ya tsani lissafi a firamare.

Game da kwance-kwancen, ki ware masa akwatin kayan da suka mutu, ki ce a nan kaɗai aka yarda ya taɓa. Kada ki saka tsohuwar talabijin ko wani abin da ake jonawa a soket, wasu suna riƙe wuta ko bayan an cire su. Ki kuma cire ƙananan baturan nan masu kama da maɓallin riga, domin in ƙaramar ta haɗiye ɗaya yana iya ƙona mata maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, sai a garzaya asibiti nan take.